Hawan Salla, Hawan Bariki da Hawan Daba: Waiwaye Daga Ƙasar Dutse

Gabatarwa

Sau biyu a shekara, idan Salla ta gabato, hakimai da dagatai na ƙasar Buji da Birnin Kudu da Gwaram da Kiyawa da Jahun da Miga sukan shirya dawakinsu su nufi Dutse, don su rufa wa Sarki baya a hawan Salla da hawan bariki. Idan aka tari wani daga cikin mahayan, ko daga cikin 'yan kallo, aka tambaye shi yaushe aka soma wannan al'ada, amsar da zai bayar ba za ta wuce “tun kaka da kakanni” ba. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Abin da ido yake gani kamar abu guda, a haƙiƙa abubuwa ne da aka harhaɗa a zamuna daban-daban. Wani ya haura shekara ɗari biyar, wani Turawa ne suka zo da shi, wani kuwa bai ko cika shekara hamsin ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a rarrabe kalmomi uku waɗanda ɗalibai, har ma da 'yan jarida, suke cakuɗawa, watau hawan Salla da hawan bariki da hawan daba, sa'an nan a duba dangantakarsu da wasu ranakun hutu na gwamnati. Da yake ƙasar Dutse ta daɗe tana ƙarƙashin Kano, tilas ne a bi ta Kano kafin a dawo gida.

Asalin Hawan Salla

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Musulunci ya shiga fadar Kano a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) ta hannun Wangarawa. Amma fita fili don sallar Idi, Sarki da jama'arsa, littafin bai ambace ta ba sai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), watau bayan kimanin shekara ɗari. Ya lissafa ta cikin abubuwa goma sha biyu da Rumfa ya faro, ya kuma ce a Shadakoko aka fara yin ta. Abin lura shi ne sauran abubuwan da aka jera ta da su: gina gidan sarauta, da kafa kasuwar Kurmi, da dawakin zage, da kakaki, da figini, da takalman gashin jimina. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawa ya san waɗannan su ne ƙashin bayansa har yau. Ke nan ibada da nuna ƙasaita tare suka taso, a hannun Sarki guda, a zamanin da Shaihu Magili ya sauka Kano.

Kayan mahayan kuwa sun girmi Rumfa. Littafin ya danganta lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji (1390–1410), kuma ba don ado aka kawo su ba. Wannan shi ya sa ya fi kyau a ɗauki hawan Salla na dauri a matsayin duba rundunar yaƙi. Kowane basarake yana da adadin dawakin da ake sa ran zai kawo idan yaƙi ya taso, ranar Salla kuwa ita ce ranar da Sarki zai gani da idonsa ko dawakin suna nan, ko an ciyar da su, ko mahayansu sun iya linzami. Jahi, watau sukuwar da mahaya suke yi har gaban Sarki su ja linzami su ɗaga masu da takubba, mubaya'a ce: ga mu, ga makamanmu, kuma naka ne. Basaraken da ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba ya faɗi magana ke nan ko da bai buɗe baki ba.

Saura kaɗan jihadi ya kawar da yawancin wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya soki sarakunan Haɓe a kan shagala da kaɗe-kaɗe, ya nuna ba a kaɗa ganga sai da dalili na shari'a, kamar tara runduna. Ƙanensa Malam Abdullahi, da ya sauka Kano bayan an ci ta, ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati cewa an farfasa kayan kiɗa, an mayar da itacen ganguna mazubin abincin dawaki. Sai a zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846), wanda ya hau gado ya tarar da tawaye ta ko'ina, aka komo da sarautu da alamomin mulki irin na gidan Rumfa, don an ga ƙasa ba ta riƙuwa sai da kwarjini. Saboda haka tamburan da ake ji yau sun taɓa yin shiru, siyasa ce ta sake tayar da su.

A duk tsawon wannan zamani Dutse gari ne mai sarkinsa, wanda yake zaune a garinsa ba a birni ba, kamar takwarorinsa na Rano da Gaya da Ƙaraye da Birnin Kudu. Bayan jihadi, da Salihi da Musa suka jagoranci Fulanin Dutse suka karɓe sarautar, garin ya ci gaba da bin Kano.

Bariki

Sojan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana kan hanyar Sakkwato. Lugga ya naɗa Abbas (1903–1919), Turawa kuma suka kafa mazauninsu a bayan ganuwa, wajen Nassarawa da Bompai. Daga nan wani sabon abu ya shigo cikin hidimar Salla: Sarki, wanda a da kowa zuwa yake yi ya gaishe shi, ba wanda yake sama da shi sai Sarkin Musulmi, yanzu shi zai hau da hakimansa ya tafi gaida Razdan. A Kano ana kiran wannan hawan Nassarawa, sunan unguwa ya rufa wa abin asiri. A Katsina kuwa, inda akan danganta farkonsa da zamanin Sarki Muhammadu Dikko, da kuma nan Dutse, sunan bai ɓoye kome ba: hawan bariki.

Ita kalmar bariki aro ce daga barracks ta Ingilishi, watau mazaunin soja. Bahaushe ya sassauta ta, ya cusa wasali tsakanin baƙaƙe kamar yadda ya saba, sa'an nan ya faɗaɗa ma'anarta ta haɗa duk inda Bature yake zaune da ma'aikatansa, da gidan saukar baƙi na gwamnati da ake ginawa a manyan garuruwan gunduma. Da tafiya ta yi nisa ma'anar ta gangara. Ɗan bariki ya zama wanda ya bar gida ya watsar da tarbiyya, barikanci ya zama wayo marar kunya, zaman bariki kuma ba abin da uba zai so wa 'yarsa ba ne. Abin mamaki ne a ce kalmar da ta yi wannan baƙin jini a bakin jama'a ita ce har yau take riƙe da sunan ɗaya daga cikin manyan hawan sarauta, ba kuma wanda yake jin wani banbaraƙwai idan an faɗa. Mai nazarin harshe zai ce ma'anar farko ta daskare a cikin wannan suna, sauran ma'anonin suka wuce suka bar ta.

Da Turawa suka tafi, hawan bai bi su ba. Kujerar kawai aka sauya wa mai zama. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Baƙo da waɗanda suka biyo bayansa su suka gaji gaisuwar da a da ake kai wa Razdan. Haka yake a Dutse: Sarki yakan hau daga fadarsa ta Garu ya tafi gidan gwamnati, ya yi wa Gwamna barka da Salla. Ba za a ce al'adar ta zama holoƙo ba, domin a nan ne Sarki yake samun damar faɗa wa Gwamna, a bainar jama'a, abin da ya dami talakawa, ko takin zamani ne, ko hanya, ko ambaliya, ko rikicin manoma da makiyaya, Gwamna kuma ya mayar da jawabi. Wannan amfani ne na gaske, kuma asalin abu ba ya hana shi amfani. Sai dai bai kamata a riƙa koya wa yara cewa gadon Rumfa ne ba. Alamar cin ƙasa ce wadda aka rina ta koma gaisuwar Salla.

Daba

Kalma ta uku ta fi sauran nisan asali. Da yawa sukan zaci daba ta hawan daba ita ce dabar mafarauta ko ta 'yan daba. Ba haka ba ne. Asalinta darbar, kalmar Farisanci mai nufin fada ko zaman fadanci, wadda sarakunan Mugal suka yi amfani da ita a Indiya. Turawan Ingila suka ɗauke ta suka mayar da ita sunan wani gagarumin taro da ake tara sarakunan Indiya su yi mubaya'a ga sarautar Ingila. An yi irinsa a Delhi sau uku: a 1877 don shelar Sarauniya Biktoriya a matsayin mai mulkin Indiya, da 1903, da kuma 1911 wanda Sarki Joji na Biyar ya halarta da kansa. Lugga kuwa a Madras aka haife shi a 1858, a Indiya kuma ya yi farkon aikinsa na soja. Ba a rasa inda ya ga abin ba.

Yadda durbar ta koma daba ba wuya a gane shi. Baturen Ingila ba ya furta r a ƙarshen gaɓa, Bahaushe kuwa abin da kunnensa ya ji ya ɗauka, ba abin da aka rubuta ba. Ta wannan hanya aka sami mota da gwamna da kafinta.

An yi daba a Zariya a 1911 don bikin naɗin Sarki Joji na Biyar, aka yi wata a Kano ranar 1 ga Janairu 1913 a gaban Lugga, aka sake yi a Kano a 1925 don Yariman Wales. Wadda ta fi shahara ita ce ta Kaduna a 1956, lokacin ziyarar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, sai ta 1959 ta murnar samun mulkin kai na Jihar Arewa, sai kuma ta 1977 lokacin bikin FESTAC, wadda har otal aka gina a Kaduna dominta aka sa masa sunan daba.

Bambancin da yake tsakanin wannan da hawan Salla ba ƙarami ba ne, ko da yake dawakin ɗaya ne, kayan ma ɗaya. A hawan Salla kowane Sarki yana garinsa, shi ne ƙololuwa, shi ake yi wa jahi. A hawan daba kuwa sarakuna da yawa ake tarawa a fili guda, a jera su bisa darajar sandunan da Bature ya ba su, mai daraja ta ɗaya gaba da mai ta biyu, su wuce ɗaya bayan ɗaya su gaida wani wanda yake zaune a rumfa. Kafin 1903 ba wanda zai yi tunanin ganin Sarkin Musulmi da Shehun Barno sun hau a fili ɗaya suna gaida mutum na uku. Daba ba ta da wata, ba ta da rana, ba ta da alaƙa da Idi. Baƙo ake jira ko wani biki na gwamnati. Saboda haka wanda ya fassara hawan Salla da durbar, kamar yadda jaridun Ingilishi suka saba, ya ba wa tsohon abu sunan sabo. Har hukumar UNESCO, da ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba 2024, da wannan suna na Indiya ta rubuta shi.

Maci da Ranar Ma'aikata

Abin da daba ta yi da sarakuna, shi Ranar Daular Ingila ta yi da 'yan makaranta. Ranar 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya, akan fito da yara fili cikin kayan makaranta, su yi maci su sara wa tuta a gaban Razdan ko Di'o, a yi guje-guje da tsalle-tsalle, a raba kyauta. Ranar ta mutu tare da daular, amma tsarinta bai mutu ba. Macin da 'yan firamare suke yi a gaban Gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ranar 27 ga Mayu, Ranar Yara, da ranar 1 ga Oktoba, tsarin nan ne, tuta da take kawai aka sauya. Taken ma ya yi tafiya ya dawo: wanda aka rera a 1960 wata Baturiyar Ingila ce, Lillian Jean Williams, ta tsara kalmominsa, aka ajiye shi a 1978, aka kuma maido shi ranar 29 ga Mayu 2024.

Ranar Ma'aikata kuwa labarinta ya fi kusa da gida fiye da yadda ake zato. Tushenta yajin aikin da ma'aikatan Amurka suka fara ranar 1 ga Mayu 1886 suna neman a tsayar da aiki a awa takwas. Bayan kwana uku bam ya tashi a wani taro a dandalin Haymarket na birnin Shikago, aka kama shugabannin ma'aikata, aka rataye huɗu a 1887. Taron 'yan gurguzu da aka yi a Paris a 1889 shi ya tsayar da 1 ga Mayu ta zama ranar ma'aikata ta duniya, ita Amurka kuwa har yau a watan Satumba take yin tata. A Nijeriya ba Gwamnatin Tarayya ce ta fara ba da hutun ba. Gwamnatin PRP ta Jihar Kano, ƙarƙashin Muhammadu Abubakar Rimi, ita ta ba da shi a 1980, sa'an nan gwamnatin Shehu Shagari ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981. Da yake a lokacin Dutse da Birnin Kudu suna cikin Jihar Kano, malamin firamare na ƙasar Buji ya riga ma'aikacin Gwamnatin Tarayya na Ikko cin wannan hutu da shekara guda.

Inda Dawaki Suke Fuskanta

Shi wannan Gwamna Rimi, wanda ya soke haraji da jangali da hawansa mulki a 1979, shi ne kuma ya fara juya kan dawakin wannan yanki. Kafin zamaninsa Sarkin Dutse da Sarkin Kudu hakimai ne na Sarkin Kano, kuma hawan Salla na masarauta a Kano ake yinsa. Can ake kiran hakimai su shigo da dawakinsu da mahayansu, su bi jeri a hawan Daushe da na Nassarawa. Mutumin Buji da ya bi ubangidansa hawa a wancan zamani ganuwar Kano ya dosa, ba duwatsun Dutse ba.

A watan Afrilu 1981 Rimi ya ɗaga Dutse da Gaya da Rano da Ƙaraye suka zama masarautu masu cin gashin kansu, Sarkin Dutse Abdullahi Maikano ya zama Sarki mai hakimai a ƙarƙashinsa. Wannan mataki yana cikin abubuwan da suka ɓata tsakanin gwamnati da fadar Kano, rikicin da ya kai ga tarzomar 10 ga Yuli 1981, wadda aka kashe Dokta Bala Muhammad a cikinta. Da Sabo Bakin Zuwo ya karɓi mulki a watan Oktoba 1983 sai ya rushe sababbin masarautun, dawaki suka sake komawa Kano. Maganar ba ta zauna daram ba sai da gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birninta, kuma ɗaya daga cikin masarautunta biyar tare da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim. Sai a lokacin hawan bariki na Dutse ya sami Gwamnan da zai kai wa gaisuwa a cikin gari. Ita kanta Buji sai a 1996 aka yanke ta daga Birnin Kudu ta zama ƙaramar hukuma mai hedkwata a Gantsa.

Wannan ba ya nufin Dutse ba ta san doki ba sai a 1991. Garin tsoho ne, Tarihin Kano ma ya ambaci yaƙin da Sarki Kumbari (1731–1743) ya yi da Sarkin Dutse Ada, kuma kowane babban gari yana da nasa hawa gwargwadon ƙarfinsa. Abin da yake sabo shi ne taruwar hakiman ƙananan hukumomi bakwai a bayan Sarkin Dutse. Yawancin shekarun wannan tsari sun faɗo ne a zamanin Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 har rasuwarsa ranar 31 ga Janairu 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi. Dattijon da ya haura shekara sittin a ƙasar Buji ya ga dawakin garinsu sun nufi Kano, sun juyo Dutse, sun koma Kano, sun sake juyowa Dutse, duk a cikin shekara goma sha ɗaya ko ƙasa da haka, kowane juyi kuma da sa hannun wani Gwamna ko Shugaban Ƙasa.

Abin da ya faru a Kano daga baya ya nuna jahi bai rasa ma'anarsa ta mubaya'a ba. A 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta raba masarautar gida biyar, hakiman Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye suka daina shiga birni hawa. A watan Mayu 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar ta maido da Muhammadu Sanusi na Biyu, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Nassarawa yana ƙalubalantar cire shi a kotu. Da Babbar Salla ta zo a watan Yuni na wannan shekara, tambayar da ta tsaya ita ce bayan wa hakimai za su bi, kuma wa za a yi wa jahi. 'Yan sanda suka hana hawan baki ɗaya, wata shida kafin UNESCO ta rubuta sunansa a taronta na Asunsiyon ta ƙasar Paraguwai.